Maganin Bawa Masunci

Ku yaran yanzu da kuke buɗe kemis a kowane lungu na Illela, ina jin ku kuna cewa aikin magani ba shi da wuya. Mutum ya zo ya ce kansa na ciwo, ka miƙa hannu kan kanta ka ɗauko, ka zuba masa a leda, shi ke nan. Wani ma da waya a kunne yake yi, ko fuskar mai ciwon ba ya duba. Ba faɗa zan yi da ku ba, ba ni da sauran ƙarfin wannan. Amma tunda kun zo kun tambaye ni yadda muka yi aikin a zamaninmu, ku gyara zama. Wanda ya san gyangyaɗi zai yi, ya tashi tun yanzu.

Aikin farko da aka ba ni a Sakkwato, inda na koyi aikin disfensa, shi ne wasa allura. Ku da kuke ɓare sabuwa ku jefar bayan tsira ɗaya, ba ku san ana wasa ta ba. Mu a kan ɗan dutse muke goga bakinta, sannan a ja ta cikin auduga. In ta kama zare ko ɗaya, to akwai ƙaya a bakinta, sai a sake. Maigidana a wurin aikin, Malam Ladan, dogo ne mai ƙarancin fara'a. In ya ja allurata ta kama auduga, sai ya ɗaga ta sama ya ce, "Taho in gwada ta ga jikinka, mu ji ko da daɗi." Daga nan sai dafa sirinji na gilashi a tukunya bisa risho, sai wanke kwalabe, sai daka hoda a ɗan turmin tangaran har hannu ya yi tsami. Na daɗe ina wannan kafin ya bari in taɓa marar lafiya. Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin, yanzu kuwa ba na sallah ban sa shi a addu'a ba.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa aka turo ni Illela, ɗakin shan magani na En'e. Ɗaki biyu ne da rufin kwano, da rumfa a gaba inda mutane ke layi. Kayan aikina sikeli, da kofin awo, da almakashi, da bandeji, da manyan kwalabe masu ruwan ƙasa, sai keke da nake hawa zuwa Garu da Gidan Katta da Kalmalo. Likita sai lokaci-lokaci yake zuwa daga birni. Ran kasuwa ba na samun zama. Fatake daga ƙetaren iyaka su zo da ƙafa ta tsage, Fulani su kawo yaro mai zazzaɓi, ga masu gyambo, ga masu ƙazwa. Kuma kowa allura yake so. Ka ba mutum ƙwaya, ya juya ta a tafin hannu ya ce, "Wagga 'yar abu ita za ta yi man magani?" Ya fita yana ganin ka raina shi.

Wata safiya aka shigo mini da wani mutum daga Kalmalo a kan jaki, hannunsa na dama ya ƙone tun daga gwiwa har yatsu. Sunansa Bawa, masunci ne, ƙaƙƙarfa, bai wuce tsarana ba. Matarsa Kulu ce ta riƙo shi. Na jiƙa tsumman da suka naɗe wurin da ruwan gishiri har ya saki, na yanke fatar da ta mutu, na shafa magani na ɗaure yatsun ɗaya-ɗaya don kada su manne. Na tambayi yadda aka yi.

Kulu ta sunkuyar da kai ta ce, "Shina bandar kihi, abin nan nashi yat taso mai, yaf faɗa cikin wuta."

"Ba kowa wurin?"

"Akwai mutane, Malam. Tsoro sunka ji. Ni niz zaka nij jawo shi."

Farfaɗiya ke nan, ko sunanta ba a son kira. Mutane sun ɗauka duk wanda yawun mai ita ya taɓa, ya kamu. Ƙarya ce, amma wannan ƙaryar ta sa an tsaya ana kallon mutum yana cin wuta.

Da likita ya zo, ya duba Bawa ya rubuta masa wata farar ƙwaya ƙarama da ake kira finobabiton, a sha kullum kafin kwanciya. Ya kafa mini sharaɗi biyu. Na ɗaya, ba a ba da ita sai an ga mai ciwon da ido. Na biyu, wanda ya fara sha kada ya yanke kwatsam, ko da ya shekara goma bai faɗi ba. Na tambaye shi dalili, ya ce abin da aka gani ke nan, masu yankewa ciwon kan dawo musu fiye da da. Iyakar abin da ya sani ke nan, ni ma iyakar abin da na faɗa wa Bawa ke nan. Na ƙara da cewa ya bar shiga ruwa.

Bawa ya yi murmushi ya ce, "Malam, in ban shiga ruwa ba, mi za mu ci? Ni ban da gona. Ubana ga ruwa yat tashi, ni ma ga ruwa nit tashi."

Ku da ba ku san tafkin Kalmalo na wancan lokaci ba, ruwa ne sosai. Masunci kan kife cikinsa a kan babban gora, ya tura da ƙafa, komar kamun kifi a hannu. Ba abin da ke riƙe da shi sai hannuwansa da hankalinsa. In farfaɗiya ta kama mutum a tudu, zai faɗi ya tashi. In ta kama shi a kan gora, ba tashi. Na ce masa, "To ji nan, Bawa. Ranka na cikin wagga ƙwaya. Ran da duk ka bar ta, ka bar ruwa." Ya ce ya ji.

Dalilin sharaɗin nan na hana yanke ƙwayar kwatsam ban san shi ba sai da na tsufa, na bar aiki. Jikata Hajara, wadda ta karanta haɗa magunguna, ita ta zaunar da ni a nan zauren ta yi mini bayani, tana tsokanata wai angon nata ya shekara da shekaru yana raba abin da bai san yadda yake aiki ba. Na ce to amarya, koya mini. Ta ce ƙwaƙwalwa cike take da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin halitta, kuma ba su manne da juna ba, akwai 'yar tazara a tsakaninsu. In ɗaya za ta yi wa ɗaya magana, sinadari take fesawa ya tsallaka. Wani sinadarin cewa yake a tashi, wani cewa yake a lafa. A jikin wadda aka aika wa akwai masu karɓar saƙo, kowane da irin saƙon da yake karɓa. Mai karɓar kuma ba shi kaɗai yake aiki ba. A bayansa, daga ciki, akwai wasu furotin da ke hulɗa da shi. Wasu su riƙe shi a bakin ƙofa don kada ya gusa, wasu su kai labarin can ciki, wasu kuma in saƙo ya yi yawa su rage masa ji, ko su janye shi ciki gaba ɗaya.

Na ce mata wannan ai gidan mai masaukin fatake ne. Maigida na zaure yana karɓar baƙi, amma mutanen gida ne ke kai labari ciki, su ne kuma ke cewa a rage masu tsaron zaure in aiki ya yi sauƙi. Ta ce haka ne. Farfaɗiya ita ce saƙon tashi ya barke ko'ina lokaci guda. Ƙwayar nan kuwa taimaka wa masu karɓar saƙon lafawa take yi, ƙofarsu ta daɗe a buɗe. Sai dai in aka shekara ana sha, na cikin kan saba. Su rage masu karɓar lafawa, su ƙara wa masu karɓar tashi ƙarfi, don su daidaita. Ran da aka cire ƙwayar kwatsam, sai a tarar da gidan ba masu kwantar da shi, kuma mayar da su na ɗaukar makonni. A wannan tsakanin ne ciwon ke zuwa da dukkan ƙarfinsa. Tana gamawa na kawar da kai. Ta ce, "Kaka, lahiya?" Na ce lafiya lau, wani mutum na tuna.

Shekaru Bawa ya yi yana sha bai faɗi ba ko sau ɗaya. Duk ran kasuwa in kwanan maganinsa ya zo, zai sayar da kifinsa ya biyo ta wurina, in zuba masa nasa a ɗan gwangwanin taba da ya wanke. Ya yi ƙiba, ya haifi 'ya'ya, mutanen da suka tsaya kallo suka bar shi a wuta suka dawo cin tuwo kwano ɗaya da shi. Ƙorafinsa ɗaya, wai ƙwayar na sa shi nauyin ido da safe. Kuma bai taɓa zuwa ba tare da ya ambaci malaminsa ba. Malam Haliru mai makarantar allo ne a Kalmalo, gidan karatu tun kakanni. A wurinsa Bawa ya yi karatu yana yaro, kuma lokacin da kowa ke ƙyamarsa, Malam kaɗai ke zaunar da shi kan buzunsa. Kifin farko da Bawa ya kama kowace rana gidan Malam yake zuwa. Mutane daga nesa, har daga ƙetare, kan zo wurin Malam Haliru karɓar rubutun sha, kuma farfaɗiya na cikin abin da aka san shi da yi wa addu'a.

Sai mummunar shekara ta zo, gab da sojoji su karɓi mulki. Bazara ta yi zafi irin wanda ban taɓa gani ba, sanƙarau ya shigo. Yaro yana wasa da safe, kafin la'asar wuya ya sandare. Rumfata ta cika, muka kafa wasu na zana a bayan gari muna kwantar da mutane a ƙasa. Ina tsira allura, ina dafa sirinji, ina wasa allura, har yatsuna suka tsattsage. Ban san adadin waɗanda na rufe wa ido ba, kuma ba na so in sani. Da ruwan sama ya sauka ciwon ya lafa, amma ya bar tabo. Wasu yaran sun tashi ba sa ji, wasu ƙafa ta shanye, wasu kuma suka fara faɗuwa suna kumfa, abin da ba su taɓa yi ba.

Cikin daminar nan Bawa ya zo karɓar maganinsa. Na zuba masa, amma bai tashi ba. Yana ta juya gwangwanin a hannu.

"Malam, in wani na da irin ciwona, ana iya ba ni in kai mai?"

"A'a. Sai an kawo shi na gane shi. Yaro da babba ba awo guda ba na. Wane na?"

"Ba kowa. Tambaya ta kawai."

Na ce ko wane ne ya kawo shi, ba mai ji daga bakina. Ya ce to, ya yi sallama ya tafi.

Zuwansa na gaba, ban ji daɗin ganinsa ba. Idonsa ya bushe tarwai, babu nauyin nan da na saba gani, ya rame a fuska, hannunsa na ɗan rawa da ya miƙo gwangwani. Wani yaro ya yar da kwano a rumfa, Bawa ya zabura kamar an harba bindiga.

"Bawa, mi as same ka? Kana shan maganin ga kuwa?"

"Ina sha, Malam."

"Kullum?"

"Kullum. Sauro na ka hana mu kwana, ka san bakin ruwa da damana."

Na juya tambayar ta kowace fuska, amsa ɗaya yake ba ni. Na sake maimaita masa maganar da na yi masa tun farko, na ce in akwai wata matsala ya dakata da shiga ruwa. Ya ce, "Ruwa ya cika, kihi ya zaka, yanzu na lokacin." Ya karɓi maganinsa ya fita. Na bi shi da kallo har ya shige cikin 'yan kasuwa.

Ba a yi mako ba, wani mai jaki ya tsaya a bakin rumfa da hantsi ya ce Bawa masunci ya rasu. Na hau keke na nufi Kalmalo. Abokan sana'arsa suka ce sun hango goransa yana juyawa shi kaɗai, suka yi ta kira ba amsa. Da suka isa, suka same shi a kife cikin ciyawar ruwa. Wurin bai kai ƙirji ba. Mutumin da ke ratsa tafkin nan da iyo tun yana yaro, ruwan da yara ke wasa a ciki ne ya ci shi. Malam Haliru ne ya yi masa sallah. Na yi kuka a maƙabartar nan, ban ɓoye ba.

Da muka dawo, Kulu ta aiko a kira ni. Na tsaya a bayan zana, tana ciki tana magana a hankali.

"Malam, bai shan maganin nan. Gidan Malam Haliru shika kai shi."

Ta ce 'yar Malam ce, Saratu, yarinya 'yar kimanin shekara tara. Sanƙarau ya kama ta ta tashi, sai ta fara faɗuwa. Aka ɓoye ta a cikin gida, aka yi rubutu aka yi addu'a, abin bai tsaya ba. Bawa ya gani da idonsa wata rana da ya kai kifi. Ya san gidan da mutane ke zuwa neman waraka daga wannan ciwo ba zai iya fitowa ya tsaya a layin asibiti da 'yarsa ba, kuma in maganar ta fita, yarinyar ta shiga bakin duniya har girmanta. Sai ya ce wa Malam ni ne na ƙara masa ƙwayar a asirce. Da farko rabawa yake yi, ya sha rabi ya kai rabi. Da ya ga yarinyar ta samu sauƙi amma ba ta daina ba, sai ya miƙa duka.

Kulu ta ce, "Na ce mai Malamin asibiti ya hana. Yac ce shi ya warke, shekara nawa bai faɗi ba. Yac ce in bai ruhe asirin Malam ba, wa za shi ruhe?" Sannan ta ce, "Ban taɓa jin ya yi ƙarya ba sai wagga da yay yi maku, kai da Malam."

Na dawo Illela zuciyata a jagule. Ga baƙin cikin Bawa, ga yarinya tana shan awon babban mutum, kuma in abin da ke hannunsu ya ƙare, ita ma za a yanke mata kwatsam. Na yanke shawara in an yi addu'ar uku zan je in sami Malam shi kaɗai a zaurensa, in lallaɓa in ga yarinyar ba tare da kowa ya sani ba. Ban san Kulu ta riga ta faɗa wa matar Malam abin da ta faɗa mini ba.

Washegarin addu'ar ran kasuwa ce, rumfa ta cika maƙil. Ina cikin wanke wa wani gyambo sai na ji surutun layi ya ɗauke. Na leƙo. Malam Haliru ne tsaye a ƙarshen layi, bayan wata Bafulatana mai goyo, da rawaninsa da carbinsa, ya riƙe hannun wata 'yar siririyar yarinya mai lumsassun idanu. Mutane suka fara durƙusawa suna matsa masa. Na fito da sauri na ce, "Allah shi gafarta Malam, a zagayo ta baya, in buɗe ɗayar ƙohwar."

Ya ce, "A'a. Nan nit tarad da mutane, nan za ni tsayawa."

Haka ya tsaya a rana, ya ƙi karɓar wurin kowa, har layi ya kawo kansa. Da ya iso bakin ƙofa bai rage murya ba. Ya ce, "Wagga ɗiyata ta, Saratu. Farfaɗiya ag gare ta. Na kawo ta a ba ta magani." Duk wanda ke rumfar nan ya ji.

Na shigo da su, na ɗora yarinyar a sikeli, na duba idonta da harshenta, na tambayi yadda faɗuwar ke zuwa. Malam ya amsa komai dalla-dalla. Ina ƙirga ƙwayar sai ya ce, "Malam Disfensa, ina da tambaya. Da na kawo ta tun farko, da Bawa na nan?"

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, kwana nai na yaƙ ƙare."

"Wanga na san shi, ni ka karantar da shi. Ba shi nit tambaye ka ba."

Na ajiye cokalin awo. Dattijo ne, ya haife ni, kuma ga 'yarsa tsaye tana kallonmu. Na so ƙwarai in sami wata magana mai laushi, ban samu ba. Na ce, "Allah shi ab bar ma kainai sani. Amma iyakar abin da nis sani ga aikina, da shina nan."

Malam ya gyaɗa kai. Hawaye ya bi gemunsa, bai share ba. Ya jawo yarinyar jikinsa, ya buɗe tafin hannunsa ya miƙo mini.

"To, gwada man yadda aka ba ta. Ni za ni ba ta da hannuna, kullum."